Shekarar da Aka Kore Ni Daga Ɗakin Hoto

Aikin farko da na samu bayan na gama karatu a wani ƙaramin asibitin kuɗi ne a Sabon Gari, can cikin layin masu sayar da kayan gyaran mota. Ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji na karanta, shi kuma aka ɗauke ni yi. Da safe in fito daga Rijiyar Lemo in hau adaidaita, in sauka a Bata, in ƙarasa da ƙafa, saboda idan na zauna cikin cunkoson nan sai na yi faɗa da wani kafin in isa. Ina da baki, wannan kowa ya shaida, har Innata takan ce da baki ake biyan albashi da tuni na gina bene.

Mu uku ne a sashen. Akwai wani Malam ɗan Fagge, mutum mai sanyin hali wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba. Akwai ni. Sai shugabarmu, wadda kowa ke kira Madam. Ibo ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, a nan ta yi aure ta aurar da 'ya'yanta. Idan tana zazzaga Hausa a bayan labule ba za ka taɓa cewa ba Bakanuwa ba ce. Ni kuwa da yake iyayena daga Barno suka zo, sau da yawa ita ke gyara mini karin magana. Ita ce kuma mai yin sikanin na masu ciki a ɗakin da ke maƙwabtaka da namu, don haka rabin yini ba ta tare da mu.

Hoton ƙashi ba ya son motsi. Babba za ka ce masa ya ja numfashi ya riƙe, ya riƙe. Yaro kuwa da ya ga ɗaki mai duhu da ƙarfe a saman kansa sai ya hau shure-shure, dole wani ya danne shi. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce ɗan'uwan yaron ne zai sa rigar dalma ya riƙe shi, ma'aikaci ya koma bayan bango ya danna maɓalli. Dalilin a fili yake. Hasken da na'urar ke fitarwa ba a ganinsa, ba a jinsa, amma yana ratsa jiki, kuma taruwa yake yi. Ɗan'uwa sau ɗaya zai sha shi ya tafi gida, mu kuwa kullum muna wurin. Sharaɗi ɗaya ne: kada mai riƙon ta kasance da juna biyu, don ɗan tayi ya fi kowa rauni a gaban wannan haske.

To a nan gizo ke saƙar. Maza suna kasuwa, mata ne ke kawo yara asibiti. Kuma wanda ya rubuta wannan ƙa'ida bai taɓa tsayawa gaban matar Kano ya tambaye ta ko tana da ciki ba. Za ta sunkuyar da kai, ta ja bakin hijabi, ta ce babu. Ko da cikin ya kusa taɓa haɓarta, in dai ga uwar miji a gefe, ga namiji a ɗakin, babu za ta ce. Ba ƙarya ce take nufi ba. Kunya ce, da tsoron baki, da tarbiyyar da aka yi mana duka cewa ciki ba a yi masa shela.

A shekarata ta farko wata yarinya ta ce mini babu, na sa mata riga ta riƙe ɗanta. Bayan 'yan watanni ta dawo a sake duba yaron, ga jariri sabon haihuwa a bayanta. Jaririn lafiyarsa lau, amma ni na kasa cin abinci ran nan. Daga ranar na yanke wa kaina hukunci: babu wata mace mai shekarun haihuwa da za ta sake riƙe yaro a ɗakina. Na daina ma tambaya. In sa riga, in ce uwar ta fita, in danne yaron da kaina, Malam ya danna.

Madam ta yi faɗa har ta gaji. Takan leƙo ta ce, "'Yar Barno, jikinki ba bango ba ne." Ni kuma in ce, "To Madam, ki zo ki tambaye su da kanki, in sun faɗa miki gaskiya na ba ki tukwici." Sai ta yi tsaki ta koma. Rigar dalmar ma tsohuwa ce, nauyi kamar buhun gero, kuma saboda a ninke muke ajiye ta kan kujera duk ta tsattsage daga ciki. Ina alfahari da wannan aiki nawa. Iyaye mata suna sa mini albarka, har aka san ni a unguwa da mai hannun riƙe yara. Haka na yi shekaru.

A cikin shekarun nan na yi aure. Maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Na samu ciki a shekarar farko, murna ta sa na faɗa wa ƙawaye da abokan aiki tun bai kai ko'ina ba, sai ya zube. Innata ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce, "Kin ga abin da ake gudu." Daga nan shiru. Shekara ta bi shekara, ana ta sunan 'ya'yan ƙannena da 'ya'yan maƙwabta, ni ina zuwa da turmin atamfa ina dawowa.

Wata rana wasu likitoci daga jami'a suka zo suna bin asibitoci, suna ɗibar jinin masu aikin hoto. Suka ce bincike suke yi. Muka miƙa hannu aka ɗiba, muka manta. Sai da aka daɗe sosai sannan ɗaya daga cikinsu ya dawo da sakamako, kuma ya dawo ne daidai lokacin da na yi ɓatan wata na biyu, ban faɗa wa kowa ba sai maigidana.

Ɗaya bayan ɗaya ya kira mu. Saurayi ne mai ladabi. Ya nuna mini hoto a kwamfutarsa, wasu 'yan gutsattsarin abubuwa kamar an kakkarya taliya. Ya ce waɗannan su ne kuromosom, zarurrukan da ke cikin kowace ƙwayar halitta, masu ɗauke da duk abin da mutum ya gada kuma zai gadar. Na san wannan tun a makaranta, amma ban taɓa ganin nawa ba. Ya nuna mini inda wasu suka karye, da inda biyu suka haɗe ba a wurin da ya kamata ba. Ya ce kowa yana da irin wannan jefi-jefi, amma nawa ya fi abin da ake so a gani ga mai shekaruna. Ya ce ba cuta ba ce, kada in tayar da hankalina, alama ce dai cewa hasken ya daɗe yana samuna, kuma idan na nisance shi jiki yakan sabunta jininsa a hankali. Na ce to, na gode. Kunnena yana jin sa, hankalina kuwa yana kan marata.

Bayan ya gama da kowa sai aka tara mu a ofishin mai asibitin, har da shi mai asibitin, da akawu, da wasu ma'aikatan jinya maza. Likitan ya yi bayani kan sabuwar riga da gyaran ƙofa. Daga ƙarshe ya ce, "Akwai mai juna biyu a cikin masu shiga ɗakin? In akwai, ya kamata a canza mata wurin aiki tun yau." Madam ta wuce shekarun haihuwa, Malam namiji ne. Duk ido ya dawo kaina.

Wanzami ba ya son jarfa. Ni da na yi shekaru ina takaicin matan da ke ce mini babu, na ji kaina ya sunkuya da kansa, hannuna ya kama bakin hijabi. Na ce, "Babu." Har yau idan na tuna ba na jin zan iya faɗin wani abu daban a gaban mazan nan, bayan abin da ya same ni a cikin farko.

Da yamma na biya gidan Inna. Ban buɗe baki ba ta dube ni ta ce ta gani tun makon jiya, kuma kada in kuskura wani ya ji. Maigidana ya ce in ajiye aikin kawai. Na ƙi. Na ce zan san dabarar da zan yi, in riƙa zamewa idan an kawo yaro. Amma a raina na san kaina. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji ba, ga kuma taurin kai da ya hana ni neman mafita.

Washegari da hantsi aka kawo wani yaro ya faɗo daga kan babur, hannu ya kumbura, yana tsala ihu. Uwarsa yarinya ce ƙarama. Kafin in yi tunani hannuna ya kai kan rigar dalma. Sai na ji an fizge ta. Madam ce. A gaban Malam, a gaban uwar yaron da masu jira a benci, ta wanke ni tas. Ta ce hotunana duk sun dishe kwanan nan, likitoci suna ƙorafi, ina ɓata mata fim, na cika surutu da marasa lafiya. Ta ce daga yau ba ta son ganin ƙafata a ɗakin hoto, in koma ɗakin sikanin in riƙa kiran layi ina miƙa tawul.

Hotunana ba su taɓa dishewa ba, kuma ta sani. Na buɗe baki zan rama, ta ɗaga mini hannu ta ce, "In ba ki so, ga ƙofa can." Na fita a fusace. Ni da takardar shaidata, a mayar da ni mai miƙa tawul.

Na yi gaba da matar nan yadda ya kamata a yi gaba. Gaisuwa ɗaya da safe, ita ma a taƙaice. Na je gida na ce wa Inna ƙabilanci ne, tana so ta kawo 'yar garinsu. Inna ta taya ni, ta ce Allah ya isa. Da Madam ta sa aka ɗauke kujerata daga jikin bangon da ya raba mu da ɗakin hoto aka kai ta bakin taga, na ce wato ko kusa da ita ba ta son in zauna. Gaskiya wani ɓangare na zuciyata ya ji sanyi da aka raba ni da ɗakin, amma ban yarda na gode wa kowa ba. Na ɗauka sa'a ce ta zo mini a cikin wulaƙanci.

Ɗakin sikanin kuwa ya zame mini wurin azaba. Wannan na'ura ba ta da hasken da ke cutarwa, da sauti take aiki. Kullum ina tsaye ina kallon 'ya'yan mutane a allo, wannan yana juyi, wancan yana tsotsar yatsa. Na'urar tana nan kusa da hannuna, da Madam ta fita zan iya ɗora ta a cikina in gani. Ban taɓa iyawa ba. Na san a karatu cewa karyewar da aka gani a jinina ba ta nufin ɗana ya samu matsala. Amma na kuma san na riƙe yara da tsagaggiyar riga a makonnin farko, kafin in san ina da shi, lokacin da ake halittar komai nasa. Da na rufe ido sai in ga gutsattsarin taliyar nan. Ko awo na ƙi zuwa, ina ta ɗaga wa maigidana rana. Hijabina dai na ƙara masa girma.

Malam ne ya fasa ƙwan. Cikina ya kai wata biyar, wata rana bayan azahar ya same ni a baranda ina cin gyaɗa, ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya saba, ya ce, "Hajiya, ki daina gaba da baiwar Allahn nan." Na ce ai shi ba a kore shi ba. Ya ce, "Kin san wa ke riƙe yaran yanzu?"

Ban sani ba, don ko kallon ƙofar na daina yi. Ya ce Madam ta tsaya a kan mai asibitin sai da ya sayo sabuwar riga. Ta sa tela ya ɗinka 'yan jakunkuna aka cika da yashi, ana tokare hannu ko ƙafar yaro da su. Jarirai kuma naɗe su take yi tam da zane. Idan duk bai yi ba, sai ta karɓi waya ta kira uban yaron daga kasuwa, ta ce ya rufe shago ya zo, ko a nemo kaka. Amma akwai ranar da babu uba, babu kaka, ga yaro yana ihu.

"Ran nan ita ke shiga," in ji Malam. "Na ce ta bari ni in riƙe ita ta danna, ta ƙi. Ta ce ni yarana ƙanana ne. Kuma da bakinta ta gaya mini, likitan nan ya ce nata jinin ya fi na kowa lalacewa, shekarunta a aikin sun ninka namu. Cewa ya yi kada ta ƙara tsayawa kusa da na'urar."

Na ce, "To me ya sa ta kore ni?" Malam ya dubi ƙasa, kunya ta kama shi, ya ce shi dai bai san komai ba, ya wuce. A nan na gane har shi ya sani.

Na jira har aka sallami mace ta ƙarshe, wajen la'asar. Madam tana goge na'ura. Na tsaya a bayanta. Na ce, "Madam, ashe hotunana ba su dishe ba." Ba ta juyo ba. Ta je ta murza makullin ƙofa, ta ja labule, ta shimfiɗa sabon zane a gadon, sannan ta ce, "Kwanta."

Na tsaya ina kallonta. Ta ce, "Ban tambaye ki komai ba, ke ma ba ki faɗa mini komai ba. In Innarki ta tambaya, ki ce bakinki bai furta ba. Oya, kwanta, ƙanwata."

Na kwanta ina hawaye. Na ce ta yaya ta sani. Ta ce, "Shekara nawa kina shigo mini nan da ƙamshin humra da turaren wuta, tun daga ƙofar asibiti na san kin iso. Rana ɗaya 'yar Barno ta zo ba ƙamshi, kuma mai shara ta wuce da turare kin toshe hanci. A garin nan aka haife ni fa. Da na ce miki na sani, da kin musa, kuma don ki nuna mini ƙarya nake da kin ƙara shiga ɗakin. Na san halinki. Gara ki ji haushina."

Ta zuba man nan mai sanyi ta ɗora na'urar. Na juya fuskata bango. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareton maƙwabta. Ta daɗe tana zagayawa, tana tsayawa, tana danna maɓalli, ba ta ce uffan ba. Na san wannan shirun, na sha ganin ta yi wa wasu matan, kuma ba kullum yake ƙarewa da daɗi ba. Can sai ta murɗa sauti, bugun zuciya ya cika ɗakin, da sauri da ƙarfi.

Ta ce, "Juyo ki gani, matsoraciya." Na juyo. Ta bi da ni gaɓa-gaɓa kamar tana koya wa ɗaliba: ga kai, ga ƙashin baya a jere, ga zuciya da ɗakunanta, ga ƙoda, ga ƙafafu. Hannu ɗaya yana dunƙule kusa da fuska. Ta ce, "Duk abin da na'ura ke iya gani lafiya yake. Abin da ba ta gani, ba zan yi miki ƙarya ba, wannan na Allah ne. Gobe ki fara zuwa awo, in ba haka ba ni da ke ne."

Na ce, "Madam, ki daina shiga ɗakin nan." Ta ce in tashi in goge cikina, surutu ya isa.

Mace na haifa, a asibitinmu. Yanzu tana firamare, kuma duk wanda ya ji bakinta ya san ba a canza mini ita ba. Da na koma aiki ban sake riƙe yaro ba, tsarin Madam muka ci gaba da bi, muka kuma koyi jan mace gefe, mace da mace, kafin a yi mata tambayar. Bayan wasu shekaru an sake ɗibar jininmu, aka ce nawa ya yi sauƙi. Madam ta yi ritaya, tana nan Sabon Gari, tana zuwa a duba ta lokaci-lokaci. Ban san abin da nata sakamakon na biyu ya nuna ba, na tambaya ta ce ba a tambayar babba. Ina yi mata addu'ar lafiya a kowace salla, Inna ma da ta ja mata Allah ya isa ta je har gida ta nemi yafiya da kwalbar humra a hannu.

Amma ranar haihuwar ce ta fi zama a raina. An goge jaririyar an naɗe ta, ungozoma ta ce lafiya lau, Inna ta karɓa tana ta hamdala. Ni ina kwance, a al'ada ba a so mai haihuwar fari ta nuna zumuɗi, don haka na yi shiru ina satar kallo. Sai ga Madam ta shigo. Ba ta gaida kowa ba. Ta karɓi yarinyar daga hannun Inna, ta kwance zanen, ta duba tafin hannu, ta duba ƙafa, ta juya ta ta shafa bayanta tun daga wuya har ƙasa, ta buɗe bakinta ta leƙa.

Da ta gama ta mayar da zanen, ta zauna a bakin gadona da yarinyar a ƙirjinta. Ta ce, "Ranar da na kwantar da ke ɗin nan, kin ɗauka ke kaɗai ce mai tsoro? Duk Hausar da nake ji, da na ga wani abu a allon nan ban san da wace kalma zan faɗa miki ba."

Sai ta fashe da kuka. Na manta da kunyar fari, na manta Inna tana tsaye, na rungume su su biyun.